Rabon Kubura

Talata ce, bayan la'asar,
ruwan Legas ya kwana uku bai ɗauke ba.
Muna hawa na biyu, gidan haya a Idi-Araba,
kwano ɗaya tsakaninmu, wake da shinkafa,
mai da yaji, da albasar da ta yanka da kauri don ta ba ni haushi.
Kubura ta ja layi da cokali a tsakiya,
ta ce, "Nan naki, nan nawa, kar ki ƙetare."
Ina dariya da loma a bakina
sai bango ya yi tari.

Awa goma sha tara a ƙarƙashin siminti.
Lomar tana bakina, ban haɗiye ba, ban tofar ba.
Ina jin numfashin ƙanwata ta hagu.
Ina ji.
Sai na daina ji.

Da aka ciro ni aka ce mai sauran kwana ce,
ko ɗan yatsa ba ta karya ba.
Gaskiya suka faɗa, iyakar abin da ido ya gani.

Yau shekara guda da wata biyar.
Mama Ronke ta bakin layi tana zubo mini amala, ba ta karɓar kuɗi.
Takan zagaye wuyan hannuna da yatsu biyu,
ta girgiza kai, ta kai ƙara ga Allah da Yarabanci.
Nakan kai kwanon ɗaki in sa shi a gaba
muna kallon juna kamar mai bashi da wanda ake bi.
Maƙogwarona ƙofa ce da gini ya danne.

Inna ta bugo daga Gusau, ta ce iska ce,
ta aiko da rubutu a gorar ruwa ta hannun direban tumatir.
Na sha. Shi kaɗai ke wucewa ba gardama.
Kawu ya ce gayu ne, siranta ake yayi a birni.
Ni kuwa a kan keken ɗinkina
na rage wa rigunana ƙugu sau uku.

Akwai daren da ban taɓa ba kowa labarinsa ba.
In an ɗauke wuta, janareton maƙwabta ya fara ruri
irin rurin injin da ya tono mu,
sai in tashi a duhu, a tsaye,
biredin Agege guda, garin kwaki busasshe, sukari da tafin hannu,
ina turawa kamar mai cike rami kafin a gani.
Daga nan sai bayan gida, yatsu biyu,
in mayar da abin da ba nawa ba.
Ai na ƙetare layin.

Ranar da na je Yaba na rufe fuska a danfo
kar a ga inda zan sauka.
Likitar ba ta ce mini don me ba kya ci ba.
Cewa ta yi, "Me kuke ci ranar?"
Ba wanda ya taɓa tambaya.
Na yi kukan da ban yi ba ranar zaman makoki.
Ta bari na gama, ta miƙo mini ruwa, ta ce,
"An ciro ki, amma cikinki bai ji labari ba.
Sannu za mu riƙa faɗa masa."

Jiya na dafa wake da shinkafa.
Na yanka albasa da kauri.
Na ja layi.
Loma huɗu na ci daga gefena, ta biyar ta ƙi.
Gefen Kubura na kai wa ɗan autan Mama Ronke,
ya cinye, ya lashe cokali, ya ce yaji ya yi yawa.

Ban je bayan gida ba.
Na danne hannuwana a ƙarƙashin cinyoyina
janareto yana ta ruri
har aka kira lisha.